Lissafin Kuɗin Yaƙin Neman Zaɓe: Tsakanin Littafin Jam'iyya da Dandalin Gangami a Shagari da Boɗinga

Tun daga shekarar 1979 dokokin Nijeriya suka ɗora wa kowace jam'iyyar siyasa nauyin rubuta kuɗin da ke shigo mata da waɗanda take kashewa, ta miƙa lissafin ga hukumar zaɓe, ita kuma hukumar ta bincika ta sanar da Majalisar Tarayya abin da ta gano. Saboda haka ba ƙarancin dokoki ne ya hana mai jefa ƙuri'a a Shagari ko Boɗinga sanin nawa aka kashe wajen neman ƙuri'arsa, da kuma aljihun da kuɗin suka fito ba. Tushen matsalar shi ne doka ta ajiye littafin lissafi a hedikwatar jam'iyya da ke Abuja, inda kuɗin yaƙin neman zaɓe ba su cika ratsawa ba, alhali inda suke gudana da gaske, wato hannun ɗan takara da iyayen gidansa da magoya bayansa a mazaɓu, babu littafi, babu rasit, babu kuma wanda dokar ta fito fili ta ce lallai shi zai rubuta.

Tarihin wannan al'amari ya girmi 'yancin kan ƙasar. A 1956 kwamitin bincike na Foster-Sutton ya duba alaƙar Firimiyan Jihar Gabas, Dokta Nnamdi Azikiwe, da bankin African Continental, wanda aka zuba wa kuɗin gwamnatin yankin, sannan a 1962 kwamitin Coker ya gano yadda kuɗin hukumomin gwamnatin Jihar Yamma suka riƙa sulalewa zuwa asusun jam'iyyar Action Group. Waɗannan darussa suna cikin abin da ya sa masu rubuta kundin tsarin mulkin 1979 suka shigar da sashe na 205 da na 206, waɗanda suka wajabta wa jam'iyyu bayyana dukiyarsu da hanyoyin samunsu ga hukumar zaɓe ta wancan zamani, FEDECO, suka kuma hana su ajiye kuɗi a ƙasashen waje. A ƙarƙashin wannan kundi ne Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, ya fara wakiltar Sakkwato ta Yamma a Majalisar Wakilai a 1954, ya kuma riƙe ma'aikatar kuɗi ta tarayya daga 1971 zuwa 1975, ya zama shugaban ƙasa a inuwar jam'iyyar NPN. A Jamhuriya ta Biyu gwamnati tana ba jam'iyyu tallafi daga baitulmali da nufin kada masu hannu da shuni su saye su, amma hakan bai hana kwangilolin gwamnati zama babbar rijiyar da jam'iyyu masu mulki ke ɗiba ba, a tarayya da jihohi, kuma bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1983 kotunan soja sun ɗaure wasu gwamnoni bisa samun su da laifin karkatar da kuɗin jama'a zuwa jam'iyyunsu. Abin lura shi ne sai da soja suka karɓe mulki aka buɗe waɗannan littattafai, ba lokacin da kundin ya ce a buɗe su ba. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta gwada wata hanya a 1989, inda ta ƙirƙiri jam'iyyun SDP da NRC da kanta, ta gina musu ofisoshi har a ƙananan hukumomi ta kuma ɗauki nauyinsu, sai dai attajirai ba su ɗauki lokaci ba suka mamaye su.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya gaji waɗancan tanade-tanade a sashe na 225 da na 226. Kowace jam'iyya za ta miƙa wa Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, INEC, cikakken bayanin kadarorinta da basussukanta, da kuma bayanin shekara-shekara na inda kuɗinta suka fito da yadda aka kashe su. Duk kuɗin da aka aiko mata daga waje dole ta miƙa su ga hukumar cikin kwana 21, ita kuma hukumar a kowace shekara ta kai wa Majalisar Tarayya rahoto kan asusun kowace jam'iyya. Sashe na 221 ya hana kowace ƙungiya da ba jam'iyya ba bayar da gudummawa ga asusun jam'iyya ko ga ɗawainiyar zaɓen ɗan takara, haka nan dokar kamfanoni ta hana kamfani bai wa jam'iyya kyautar kuɗi ko kadara. Tallafin gwamnati kuwa ya ci gaba har zuwa Dokar Zaɓe ta 2010, wadda ta yi watsi da shi, daga nan jam'iyyu suka koma dogaro da kuɗin sayar da fom ɗin takara, da abin da masu riƙe da muƙamai ke yanka musu, da gudummawar attajirai.

Dokar Zaɓe ta 2006 ce ta fara gindaya wa 'yan takara iyakar abin da za su kashe, inda ta ce mai neman shugabancin ƙasa kada ya wuce naira miliyan 500, mai neman gwamna kuma miliyan 100. Dokar 2010 ta ninka waɗannan zuwa biliyan 1 da miliyan 200. Dokar 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu ranar 25 ga Fabrairun shekarar, wadda kuma da ita aka gudanar da babban zaɓen 2023, ta ɗaga iyakar a sashe na 88 zuwa naira biliyan 5 ga shugaban ƙasa, biliyan 1 ga gwamna, miliyan 100 ga sanata, miliyan 70 ga ɗan Majalisar Wakilai, miliyan 30 ga ɗan majalisar jiha, ta kuma ce mutum ɗaya ko wata cibiya kada ya ba ɗan takara fiye da miliyan 50. Idan aka sauko da wannan ƙasa, mai neman wakiltar Yabo da Shagari a Abuja, ko mai neman wakiltar Boɗinga da Dange-Shuni da Tureta, ba shi da ikon wuce miliyan 70 a zaɓen 2023, shi kuwa mai neman kujerar sanatan Sakkwato ta Kudu, wanda zai ratsa ƙananan hukumomi bakwai daga Boɗinga har Kebbe, an ƙara masa miliyan 30 ne kawai a kan haka.

Dokar 2022 ta zayyana yadda ake kai rahoton a sashe na 89 da na 90. Abin da ta kira kuɗin zaɓe na jam'iyya shi ne duk abin da jam'iyyar ta kashe daga ranar da hukuma ta ba da sanarwar zaɓe har zuwa ranar jefa ƙuri'a. Cikin wata shida bayan zaɓe jam'iyya za ta miƙa rahoto na musamman, daban da na shekara-shekara, wanda mai binciken kuɗi, wato akantan da ba ma'aikacin jam'iyya ba da aka ɗauko ya tantance littattafai da rasit, zai sanya wa hannu, shugaban jam'iyya ya sa nasa, su haɗa da takardar rantsuwar kotu cewa abin da ke ciki gaskiya ne. Rahoton zai nuna abin da jam'iyya ta kashe da abin da aka kashe a madadinta, abu bayan abu, har da ƙimar kasuwa ta kaya ko hidimar da aka ba ta kyauta, ma'ana idan wani ya ba da aron motoci goma na wata guda, sai a rubuta abin da hayarsu za ta ci. Bayan haka jam'iyya za ta buga rahoton a manyan jaridun ƙasa aƙalla biyu da shafinta na intanet. Ta fuskar kuɗin shiga kuwa, an hana jam'iyya karɓar gudummawar da ba a san mai ita ba, an wajabta mata ajiye littafin da za ta rubuta suna da adireshin duk wanda ya ba da fiye da naira miliyan 1, kuma cikin wata uku bayan bayyana sakamako za ta kai wa hukuma jerin waɗanda suka tallafa.

A takarda tsarin ya yi kyau, amma akwai ɓaraka a tsakiyarsa. Iyakar kashe kuɗi a wuyan ɗan takara aka rataya ta, nauyin kai rahoto kuwa a wuyan jam'iyya, kuma dokar ba ta fito ƙarara ta tilasta wa ɗan takara miƙa nasa lissafin ba. INEC ta yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka da ƙa'idojinta, inda ta tanadi fom da 'yan takara za su cike, sai dai ƙa'idar hukuma ba ta kai ƙarfin dokar majalisa ba, musamman wajen hukunci. Ita kuwa iyakar abin da jam'iyya kanta za ta kashe, an bar wa hukumar ta tsayar da ita bayan ta tuntuɓi jam'iyyun, wato waɗanda za a ɗaure ne ake shawara da su kan tsawon igiyar. Dokar 2010 ma ta fi haka sassauci, domin ta ce a lissafin ɗan takara ba za a ƙirga abin da jam'iyyarsa ta kashe a kansa ba, ba kuma za a ƙirga abin da ya kashe kafin a sanar da ranar zaɓe ba.

Domin a ga yadda wannan ɓaraka take a aikace, ya isa a dubi gangami guda ɗaya a garin Shagari ko Boɗinga, a bakin babban titin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega. Kwana biyu kafin ranar, shugabannin jam'iyya na mazaɓu kan karɓi kuɗin mota, domin kwaso jama'a daga Kajiji da Dandin Mahe da Lambara da Sanyinnawal, ko daga Sifawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ana hayar rumfuna da kujeru da lasifika da janareto, a zuba wa 'yan kabu-kabu mai su yi wa ayari rakiya, a raba riguna da huluna da atamfa mai hoton ɗan takara, a sallami makaɗa da maroƙa da sanƙira, a dafa abinci, a ba masu tsaron dandali nasu, ayarin kuma ba zai bar gari ba sai ya kai gaisuwa gidajen manya da abin goro a hannu. Kusan duk wannan da tsabar kuɗi ake biya, hannu da hannu, kuma direban da ya yi sawu huɗu daga ƙauye ba shi da rasit, babu ma wanda zai tambaye shi. Kuɗin ba daga asusun jam'iyya suka fito ba: wani kaso daga ɗan takarar gwamna, wani daga mai neman majalisa, wani daga ɗan kwangilar da ya ɗauki nauyin atamfa domin a san da zamansa idan an ci zaɓe. Ma'ajin jam'iyya na ƙaramar hukuma, wanda a tsarin jam'iyya shi ne mai riƙe da littafi, sau da yawa yakan ga kuɗin ne a lokacin da ake rabo, kamar kowa. To idan mai binciken kuɗi ya zauna a Abuja wata biyar bayan haka, abin da zai tarar a gabansa shi ne takardun tallace-tallacen rediyo da talabijin, da allunan talla, da hayar jirage, da otal-otal, domin su ne ke da rasit. Rahotonsa zai iya zama sahihi a kan takardun da ya gani, ya kuma kasance bai taɓo ko gefen abin da aka kashe ba.

Akwai kuma nau'in kashe kuɗi da ya fi wannan wuyar kamawa, domin ya cakuɗe da zumunci da addini. Ɗan siyasa a ƙasar Sakkwato ba ya rabuwa da gaisuwar mutuwa da ɗaurin aure da suna, da gyaran masallaci, da biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa, da rabon gero da shinkafa da sukari idan azumi ya kama. Babu mai musun cewa a cikin masu yin haka akwai masu yi don Allah, amma babu kuma mai musun cewa hannu ya fi sakuwa a shekarar zaɓe. A 2023 ba a kammala zaɓen sanatocin Sakkwato uku ba a ranar 25 ga Fabrairu, sai a zagayen ƙarasawa na 15 ga Afrilu, wanda ya faɗo cikin watan Ramadan, kuma a irin wannan hali babu akantan da zai iya raba buhun sadaka da buhun neman ƙuri'a. Zaɓen ƙarasawa shi kansa tsada gare shi, domin ƙarfin jam'iyyu duka yakan tattaru a kan rumfuna ƙalilan, kamar yadda aka gani a zaɓen gwamna na Maris 2019, wanda Aminu Waziri Tambuwal ya ci da ratar ƙuri'a 342 kacal a kan Ahmad Aliyu. Shari'ar wannan zaɓe ta kai har Kotun Ƙoli a Janairun 2020, amma kuɗin lauyoyi, komai yawansu, ba sa cikin ma'anar kuɗin zaɓe, tunda lissafin ya tsaya ne a ranar jefa ƙuri'a. Sayen ƙuri'a kuwa laifi ne a dokar, don haka ba a sa ran wani ya rubuta shi a rahoton da zai yi rantsuwa a kai.

Zaɓen fid da gwani wani babban rami ne. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin neman shugaban ƙasa a kan naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na sanata miliyan 20, na Majalisar Wakilai miliyan 10, ita kuwa PDP ta sa na shugaban ƙasa miliyan 40, na gwamna miliyan 21. Waɗannan aƙalla suna shiga asusun banki, ana iya bin sawunsu. Abin da ake ba daliget, wato wakilan da ke zaɓar ɗan takara a madadin 'yan jam'iyya, shi ne ba ya shiga ko'ina, kuma wanda ya kashe ya faɗi bai taɓa zama ɗan takara ba balle iyakar da doka ta gindaya ta hau kansa.

A matakin ƙasa ma rabuwar jam'iyya da ɗan takara ta zama mafaka. A watan Disamba 2014 an yi liyafar tara gudummawa a fadar shugaban ƙasa, inda aka sanar da alkawarin fiye da naira biliyan 21, a lokacin da iyakar ɗan takarar shugaban ƙasa biliyan 1 ce, iyakar gudummawar mutum ɗaya kuma miliyan 1. Da aka yi ca a kai, amsar da aka bayar ita ce kuɗin na jam'iyyar PDP ne, ba na Shugaba Goodluck Jonathan ba, kuma da yawa daga cikin gudummawar an sanar da ita ne da sunan rukunonin 'yan kasuwa, ba da sunan mutum ɗaya ba. Daga ƙarshen 2015 hukumar EFCC ta shigar da ƙararraki kan zargin karkatar da kuɗin tsaro zuwa yaƙin neman zaɓen 2015, wato dai kamar bayan juyin mulkin 1983, sauyin gwamnati ne ya jawo bincike, ba rahoton mai binciken kuɗi ba.

Ya kamata a yi wa 'yan siyasa adalci ta fuska ɗaya, wato iyakokin kansu ba su cika yin daidai da tsadar zaɓe ba. A 2023 akwai rumfunan zaɓe sama da 176,000 a faɗin ƙasa, kuma idan aka ƙaddara jam'iyya ta ajiye wakili ɗaya a kowace rumfa ta ba shi naira 10,000, za ta kashe sama da biliyan 1.7 a yini guda, fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da aka yarje wa ɗan takarar shugaban ƙasa. Iyakar da kowa ya san ba za a iya tsayawa a kanta ba tana koya wa mutane ɓoye gaskiya, domin wanda ya rubuta ainihin abin da ya kashe ya ba da shaida a kan kansa. Gwamnati ta gwada shaƙe kuɗin ta wata hanya, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a Oktoba 2022, amma ƙarancin tsabar kuɗin da ya biyo baya ya fi gallaza wa masu saye da sayarwa a kasuwannin ƙauye, rabon siyasa kuwa ya koma na kayan abinci da tufafi da tura kuɗi ta waya.

Hukuncin da dokar 2022 ta tanada bai kasance mai razana kowa ba. Ɗan takarar da ya haura iyaka da saninsa za a ci shi tarar kashi 1 cikin 100 na iyakar, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba, ko duka biyun, wato naira 700,000 ga mai neman Majalisar Wakilai, miliyan 50 ga mai neman shugaban ƙasa, rabin kuɗin fom ɗin APC ke nan. Jam'iyyar da ta ƙi kai rahoto tararta ba ta wuce miliyan 1 ba, ko da yake kotu na iya ƙara mata har 200,000 a kowace ranar jinkiri. Akantan da ya taimaka aka yi ƙarya shi ne ɗaurinsa ya fi na kowa tsawo, tarar miliyan 3 ko ɗaurin shekara 3. Haura iyaka ba ya cikin dalilan da ake soke zaɓe a kansu, kuma har aka gama zaɓen 2023 babu ɗan takarar shugaban ƙasa ko gwamna da kotu ta hukunta a kan wannan laifi. INEC ta sha kokawa cewa yawancin jam'iyyu ba sa kawo rahotonsu a kan lokaci, amma ita ce mai rajistar masu zaɓe, mai shirya zaɓe, mai kare sakamako a kotu, sannan mai gurfanar da masu laifi, ba ta kuma da 'yan sanda ko masu bincike na kanta. Kwamitin gyaran zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda ya miƙa rahotonsa a Disamba 2008, ya ba da shawarar a kafa hukuma ta musamman mai hukunta laifuffukan zaɓe, da wata mai rajista da sa ido kan jam'iyyu, amma har aka yi zaɓen 2023 ba a kafa ko ɗaya ba.

Ƙasashen da suka ɗan ci gaba a wannan fage sun fara ne daga mazaɓa, ba daga hedikwata ba. Tun 1883 dokar Birtaniya ta wajabta wa kowane ɗan takara naɗa wakili guda wanda ta hannunsa kaɗai kuɗin kamfe za su fita, shi ne kuma zai kai lissafi ga jami'in zaɓen mazaɓar, a yau cikin kwana 35 bayan sakamako. Misalin Indiya ya fi kusa da na Nijeriya, saboda yawan karkara da mu'amala da tsabar kuɗi. A can ɗan takara yana buɗe asusun banki na zaɓe kaɗai, yana rubuta abin da ya kashe kullum, jami'an hukuma kuma suna bin tarukansa da kyamara suna ƙirga motoci da rumfuna da kujeru a nasu littafin, su ƙiyasta kuɗinsu da farashin kasuwar gundumar, sannan a gwama littattafan biyu. Wanda bai miƙa lissafinsa cikin kwana 30 ba ana iya hana shi takara na shekara uku. Wannan bai raba zaɓen Indiya da kuɗin ɓoye ba, amma ya sa ɓoyewa ta zama aiki mai haɗari. A Faransa kuwa, a 2013 majalisar kare kundin tsarin mulki ta tabbatar da ƙin amincewa da lissafin kamfen ɗin tsohon shugaba Nicolas Sarkozy na 2012, daga baya kotu ta same shi da laifin wuce iyaka.

Abin da ya dace da mazaɓa irin Yabo da Shagari bai fi ƙarfin hukuma ba, tunda INEC tana da ofishi da jami'in zaɓe a kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato. A mayar da nauyin lissafi kan ɗan takara da kansa a cikin dokar majalisa, ya kai shi wannan ofishi na kusa, a liƙa shi a bango kamar yadda ake liƙa rajistar masu zaɓe, domin mutanen da suka ga motocin da idonsu, suka kuma san kuɗin hayar rumfa a garinsu, su ne za su fi gane inda aka rage. A sa hukuncin ya taɓa kujera ko damar sake tsayawa takara, ba tarar da ba ta kai kuɗin man ayari ba. Kafin a kai ga haka, dokar 2022 ta riga ta wajabta wa INEC ajiye rahotannin jam'iyyu, da sunayen masu ba da gudummawa da adadin abin da kowa ya bayar, a hedikwatarta da ofisoshinta na jihohi, domin duk mai so ya duba a lokutan aiki. 'Yan jarida da ƙungiyoyin sa kai da ɗaliban kimiyyar siyasa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo suna da hurumin zuwa ofishin hukumar da ke Sakkwato su nemi a nuna musu rahoton zaɓen 2023, idan kuma aka ce babu, su nemi a faɗa musu jam'iyyun da ba su kawo ba da matakin da aka ɗauka a kansu.